Neman Iri a Sentul: Tokar da Na Zuba wa Kamiliyar Haji Osman

Daga Kura zuwa Kano

Ba a yi kiran assalatu ba na fito, jaka a hannu, ƙunshin goro a hammata. Motar da za ta kai ni filin jirgi tana ƙofar gida tana ƙugi. Na ɗauka na riga kowa tashi, sai na tarar da Hajiya Binta, matar marigayi yayana, tsaye a bakin soro da lulluɓinta, ta riƙe leda cike da kuka da daddawa da yaji.

Bari in faɗi abin da ya tashe ni. Ɗanta Nasiru yana karatun digiri na uku a Malesiya, ya ga 'yar mutanen can, ya ce ita yake so. Ubansa ba ya raye, ni ne baffansa, saboda haka neman auren a wuyana yake. Ni kuwa manomin rani ne, albasa da tumatir, in ka cire Makka ban taɓa tsallake ƙasar nan ba. Duk Kura an san ni da abu biyu: ba na iya zama wuri ɗaya, kuma ba na iya ganin aiki in ɗauke kai.

"Malam Sani," in ji Hajiya, "ni ban hana yaron nan abin da yake so ba. Ka karɓo masa yarinyar, in ya gama karatu su taho gida tare. Shi kaɗai ne namiji a ɗakina."

Da yake akwai wasa tsakaninmu, na ce, "Hajiya, ko a aljihun 'yar-shara ne zan zubo miki su."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo ledar, ta ce Allah Ya kiyaye hanya, ta koma ciki.

Mun yi asuba a wani masallaci na bakin titi kafin mu shiga Kano. A shingen farko wani ɗan sanda ya haska min fitila, ya tambayi inda Alhaji zai je da sassafe haka. Na ce Malesiya. Ya ce to in na dawo kada in manta da shi. Direbana ya ce, "Oga, ai kafin ya dawo an canza maka wurin aiki." Muka wuce.

A cikin jirgi

Daga Kano muka ya da zango a Addis Ababa, muka canza jirgi, daga nan aka nufi gabas. Wannan zango na biyu shi ne azaba. An ɗaure mutum a kujera kamar ragon layya, gwiwa na tokare da bayan kujerar wani, a ce ya yi barci. Na tashi na zaga bayan jirgin, na dawo, na sake tashi, har wata ma'aikaciyar jirgi ta fara yi min murmushin da ke nufin ya isa haka. Abincin ma ban gane kansa ba, shinkafa ce cokali uku da wani ganye a gefe. Na ɓare goro ɗaya na riƙe cikina da shi.

Da muka sauka, wani jami'i ya buɗe ƙunshin goron, ya juya ɗaya a hannu, ya tambaye ni da Turanci mene ne. Turancina na kasuwa ne, bai kai bayanin goro ba, sai na gutsira na tauna a gabansa, na miƙa masa rabi. Ya ɗan taɓa da haƙori, ya yamutsa fuska, ya kira abokin aikinsa suka yi shawara, can dai ya ɗaure min kayana ya nuna min ƙofa.

Nasiru na jira a waje. Ya rame, ya yi haske, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, na ji daɗin wannan. Muna fita daga sanyin ginin iska ta dake ni. Zafin Kano ƙona mutum yake yi, na can kuwa dafa shi yake yi, kafin mu kai mota rigata ta manne da bayana.

Pantai Dalam

Masaukin Nasiru a unguwar Pantai Dalam yake, cikin birnin Kuala Lumpur, kusa da jami'arsu, can sama a wani dogon bene. In na leƙa ta taga sai in ga motoci kamar kiyashi, kaina ya juya. Shi da safe zai saɓa jaka ya tafi makaranta, ya ce, "Baffa, ka huta." Hutun me? Na share ɗakin, na wanke kwanukan da suke a wanke, na gyara ƙofar bayi da ke ƙara. Kafin hantsi aiki ya ƙare, sai zirga-zirga daga falo zuwa baranda.

Ganin zan haukace, sai na koyi sauka ƙasa ni kaɗai. Akwai shagon abinci na Indiyawa Musulmi, mamak suke ce masa, a nan nake zama. Suna jan shayi daga kofi zuwa kofi sak mai shayin tashar Kura, sai dai nasu ya fi kumfa. Na koyi kalma biyu: makan, wato ci, da boleh, wato yana yiwuwa. Da su na yi ta rayuwa.

A nan Nasiru ya haɗa ni da Dokta Bashir, wani Bakatsine da ke koyarwa a jami'ar, ya daɗe a ƙasar har 'ya'yansa in ka yi musu Hausa sai su amsa maka da Malayanci. Shi aka shirya zai zama tafintana ranar zaman neman auren, tunda ango ba ya shiga wurin neman aurensa, a wurinsu ma haka yake. Shi ya raka ni Jalan Masjid India a jirgin ƙasan da ke bi ta saman gari, muka sayi yadudduka da turare da dabino, domin su a kan faranti ake jera kayan, a yi musu ado. Titin ya tuna min Kantin Kwari, har da masu jan hannun riga.

Sentul, zuwan farko

Kafin ranar zama, uban yarinyar ya gayyace mu cin abinci don a ga juna. Sunansa Haji Osman, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, gidansa a unguwar Sentul, ɗan ƙaramin gida na da, dogayen benaye sun zagaye shi. Guntun mutum ne marar yawan magana. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna wasu garuruwa, autarsa Aina ce kaɗai a gabansa, ita ce wadda muka zo dominta. Ta fito ta gaishe ni da "Ina wuni, Baffa" da ta haddace, idonta a ƙasa. Nan take na ji ta kwanta min.

An gasa tsire irin nasu a murhun gawayi a bayan gida, ana tsoma shi cikin miyar gyaɗa. Muna ci Haji ya tambaya, Nasiru na fassara, ko Kano na da nisa. Na ce kwana guda ne a jirgi, ba wani abu ba. Ya gyaɗa kai, sai dai na lura bai sake ɗaukar tsinken tsire ba.

Bayan an sauke faranti ya ja ni bayan gida. Nan ne bakinsa ya buɗe. A jikin katanga akwai ɗan fangali da aka kewaye da bulo, a ciki wata shuka mai tsayin ƙirjina, ganyenta kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. A kan rassan akwai ƙulle-ƙullen fure masu girman dabino, ba su buɗe ba tukuna. Ya ce sunanta kamiliya, 'yar'uwar ganyen shayi ce. Ya so ya yi shinge da ita tun daga wannan kusurwa har waccan, ya dasa jere guda, zafi ya kashe su ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai ta tsaya, kuma bana ne karon farko da ta yi ƙulli da yawa haka. Ya nuna min ragar da ya ɗaura mata don ranar la'asar, ya nuna duron da yake tarar ruwan sama, ya ɗebo ƙasar gindinta a tafin hannu yana ta bayani.

Bayanin ya yi tsawo. Nasiru ya gaji, hankalinsa ma yana kicin inda ake jin motsin kwanuka, ya ce, "Baffa, duk dai labarin fulawar ne." Ni ma ban matsa ba, domin idona ya riga ya sauka kan wani abu. Tururuwa ce ta yi layi tana hawa gindin shukar.

Muka yi azahar. Haji ya shiga ya ɗan kishingiɗa, Nasiru ya ɓace, aka bar ni a falo da fanka. Na zauna, na tashi, na leƙa taga. Tururuwar nan tana raina. A wurinmu ko yaro ya san maganinta: toka. Ga murhu ya huce, cike da ita, har da wata tsohuwar toka a bokiti a gefe. Na naɗe hannun riga, na kwashe ta tas, na zagaye gindin kamiliya da ita, na sa 'yar fartanyar Haji na cuɗa ta da ƙasa sosai yadda za ta shiga, na rufe da ɓawon itacen da Haji ya shimfiɗa a saman ƙasar, na yayyafa ruwa. Ban gaya wa kowa ba. Na ce alherin da aka yi a ɓoye ya fi lada, ranar da ya ga tururuwa ta watse zai san surukai ya samu na ƙwarai. Muna hanyar komawa aka kece da ruwa, na ce madalla, toka za ta ratsa.

Kwanakin jira

Kullum da la'asar sai an yi ruwa. Ana saura kaɗan ranar zama, Aina ta kira Nasiru muna mamak. Na ga fuskarsa ta canza. Da ya ajiye wayar ya ce Haji ya ɗaga zaman, bai sa wata rana ba. Wai kamiliyarsa ce ke mutuwa, bakin ganye ya ƙone, ƙullin fure na zubowa, ya rasa dalili, ko abinci ba ya ci. Aina ta ce tun ranar da muka je abin ya fara, har wata gwaggonta ta soma cewa a duba ƙafar baƙin nan.

"Ikon Allah," na ce, "duk da tokar da na zuba mata?"

Nasiru ya ajiye kofinsa a hankali. "Wace toka, Baffa?"

Na gaya masa. Ya dafe kai da hannu biyu, ya daɗe a haka. Yaron nan bai taɓa ɗaga min murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, cewa kawai ya yi, "Ai abin da Haji yake ta faɗa ke nan ranar, maganar ƙasar." Ni kuwa na ce masa da ya fassara min da ba a yi haka ba. Ƙarya nake, ko ya fassara ba saurara nake ba. Kunya ce ta kama ni, in kunya ta kama ni kuwa faɗa nake yi.

Ban iya zaman jiran komai ba. Na sa ya tambayi Aina inda ubanta ya samo shukar. Ta ce a wurin wata tsohuwa mai lambun furanni a kan tsaunukan Cameron. Na ce gobe da asuba za mu.

Kan tsauni

Bas muka hau. Farkon hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin kwakwar manja hagu da dama har ido ya gaji. Da aka fara hawa dutse sai hanya ta koma nannaɗe kamar igiya, direba na karya kwana yana hira da na kusa da shi, hanjina na juyawa. Wata mata a gefena ta ba ni alewar citta, Allah Ya saka mata. Can sama sanyi ya shigo ta taga, na ji kamar Jos.

Gonakin shayi ne suka fara tare mu, an aske su sumul sun bi jikin tsauni. Sannan a ƙofar gidaje da otal-otal na fara ganin kamiliya, ba guda ɗaya cikin raga ba, shinge guda, wasu sun fi ni tsayi, sun yi fure ja da fari da ruwan hoda, har ya zube a ƙasa ana takawa. Sai a lokacin na gane abin da Haji Osman yake ta wahalar ginawa a bayan gidansa, cikin turirin Sentul, da shuka ɗaya tak.

Tsohuwar 'yar asalin Sin ce, gajeruwa, da takalmin roba har gwiwa. Ta tuna Haji sarai. Nasiru ya fara yi mata bayani, sai na ji ta ce, "Abu?" Ta sake cewa, "Abu?" Na waiga ina neman mai sunan. Ashe da Malayanci toka ke nan. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta tambayi nawa na zuba. Na kwatanta bokiti da hannu. Ta juya ta yi wa ma'aikatanta magana, duk suka daina aiki suka zo kallona.

Ta ɗebo ƙasa baƙa mai laushi ta sa min a hannu. Ta ce kamiliya ƙasa mai tsami take so, shi ya sa ake haɗa mata ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace, shi ya sa Haji ba ya ba ta ruwan famfo. Toka kuwa kashe tsami take yi. Nan na gane, domin haka matanmu ke jefa kanwa a miyar yakuwa. Ta ce saiwarta a sama-sama take, ba ta son ko a kafta mata, ni kuwa har da fartanya.

Na ce to ta sayar min da wata, babba, in kai masa. Ta girgiza kai. Ta ce waɗannan 'yan sanyi ne, in suka sauka Kuala Lumpur ba za su yi wata biyu ba. Ta Haji wani iri ne mai jure zafi, ba ta da shi yanzu, kuma ko tana da shi, shekarun da waccan ta yi tana sabawa da bayan gidansa ba a sayar da su. Abin da ya rage shi ne a kwashe ƙasar sama da hannu, a wanke gindin da ruwan sama mai yawa, a zuba sabuwa, a jira. Na ce za ta rayu? Ta ce, "Boleh," amma yadda ta ja kalmar bai kwantar min da hankali ba. Muka sauko da buhu biyu na ƙasa, ɗan kwandasta na mita.

Sentul, zuwa na biyu

Daga tasha ban yarda mun biya gida ba. Muka sami Haji a bayan gida a kan kujerar roba, ya zuba wa shukar ido, ya tara ƙullin da suka zubo a wani kwano. Na cire hulata, na tsuguna, na ce wa Nasiru ya faɗa masa komai kada ya yi min kwaskwarima.

Haji ya saurara har ƙarshe. Ya tashi, ya tona gindin da yatsa, ya fito da ƙasa mai furfura, ya shinshina. Na jira ya zage ni, da ya fi min sauƙi. Sai ya juya. Ya shiga ciki ya fito da kwano biyu, ya miƙa min ɗaya.

Muka durƙusa mu biyu muna kwashe ƙasa da yatsu, a hankali, saboda saiwar siririya ce kamar gashi. Nasiru na jido ruwa daga duro. Sau biyu na sa hanzari, sau biyu tsohon ya riƙe min wuyan hannu ya mayar da ni sannu. A rayuwata ban taɓa yin aiki a hankali haka ba. Da muka zuba sabuwar ƙasa ya tsinke sauran ƙullin da hannunsa, duka, ya ce bana ba fure, ta ji da ranta tukuna. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Da za mu tafi ya ce wa Nasiru a zo zaman ranar Asabar.

Ranar zama

Na sa babbar rigata, muka jera faranti, goro a gaba. Nasiru ya tsaya a mota a bakin layi. A hanya na ja wa Dokta Bashir kunne, na ce na ga abin da taƙaita fassara ya jawo min, saboda haka duk abin da aka ce ya ba ni shi yadda yake, duk abin da na ce ya mayar yadda yake, kada ya rage kada ya ƙara. Ya ce, "An gama, Baffa."

Falon ya cika da dattawa a zaune a kan darduma. Bayan addu'a, wan Haji, wani tsoho mai farin gemu, ya gyara murya ya yi magana yana murmushi. Dokta ya ce, "Wai sun ji labari kun ga wata fulawa a lambun gidan nan, suna so su ji me ke ranku game da ita."

Na ce shi ke nan, labarin toka ya zaga dangi, za a tsiyata ni a gaban mutane. Dokta ya matso zai raɗa min wani abu, na ɗaga masa hannu, na ce, "Kai dai fassara." Ni da na zo da shirin cewa mun zo neman iri, sai na ajiye wannan, na ce gara in fara wanke kaina. Ban ambaci toka ba, kunya ba ta bar ni ba, sai na bi ta gefe yadda manya ke yi.

Na ce, "Fulawar nan, na ga yadda Haji ya raine ta da hannunsa, ya tsare ta daga rana, ya hana kansa barci dominta. Da na zo ban san darajarta ba, na ɗauka yadda muke yi a wurinmu haka ake yi ko'ina. Yanzu na yi tambaya, na gane ba kowace ƙasa ce ke karɓar ta ba. Inda ta saba, nan za ta rayu. Ina yi muku alkawari a gaban Allah, ni da duk wani nawa, babu wanda zai raba ta da ƙasarta."

Dokta ya dube ni, ya ce, "Baffa, in faɗa haka?"

Na ce, "Da Hausa na yi ko da wani yare?"

Ya faɗa. Sai dattawa suka fara gyaɗa kai suna hamdala. Haji Osman ya taso daga inda yake, ya kama hannuna da nasa biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya yi magana gajeruwa. Dokta ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ya ce abin da ya hana shi barci ke nan tun da aka fara maganar, kuma bai san yadda zai roƙa ba. Ya ce jama'a su shaida. Ya ba ku." Aka ɗaga hannu aka shafa fatiha, aka shigo da shayi, ni ina ta murna an yafe min toka har an ba ni mata a kai.

Sai da muka fito bakin ƙofa Dokta ya ce, "Baffa, ka san abin da ka yi kuwa? Su nan in ana neman aure ba a kiran sunan yarinya. Fulawar lambu ake ce mata, kamar yadda mu muke cewa iri. Abin da na so raɗa maka ke nan. Ka yi musu rantsuwa Aina ba za ta bar Malesiya ba."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Har yau ban sani ba ko Haji ya gane da kamiliyarsa nake, ya ga dama ta zo ya kama. In haka ne, to ya rama tokarsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Na nufi mota da sauri, na shiga, na gaya wa Nasiru an ba shi, na kuma gaya masa ɓarnar da bakina ya yi. Na ce ya jira ni, yanzu zan koma ciki in warware, ko da za a ce Baffan ango mahaukaci ne. Na kama murfin mota zan fita, sai ya riƙe min hannun riga.

"Baffa," ya ce, bai dube ni ba, "ka bar shi haka."

Na ce me ya ce?

"Jami'a ta yi min tayin aiki tun bara. Na karɓa. Na rasa yadda zan gaya wa Hajiya ne."

Ruwan la'asar ya sauko a kan gilashin motar. Na zauna. Ni da ba na iya zama, ranar na zauna har aka ɗauke ruwan. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kuma na san da a ce ni ne a shekarunsa da yarinyar nan a gabana, ba lallai in yi abin da ya fi nasa ba.

Komowa

Kafin in taso na koma Sentul sallama. Kamiliya ta zubar da rabin ganyenta, amma Haji ya nuna min wani ɗan toho ja a ƙasan reshe, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Ya ba ni kyautar hula irin tasu. Aina ta ba ni mayafi in kai wa Hajiya, ta yi ta maimaita yadda ake cewa "ina gaishe ki" har ta iya.

A jirgin dawowa ban zaga ko sau ɗaya ba. Ina ta jera yadda zan fara maganar, in rushe, in sake jerawa. Muka sauka Kano da hantsi, na isa Kura bayan azahar. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni da ƙafafuna. Na gode wa Dokta Bashir da ya riƙe min amanar da ni kaina na ɗaure shi da ita, da tsohuwar kan tsauni, da Haji Osman da ya miƙa min kwano maimakon zagi.

Ina shiga gidan yayana ƙamshin sabon fenti ya tare ni. Hajiya ta fito da fara'a, ko ruwa ba ta bari na sha ba, ta ce in zo in gani. Sashen marigayi ne, wanda yake rufe tun rasuwarsa. Ta sa an buɗe, an yi masa sabon daɓe, an shafe bango da shuɗi, an sa labule. Ta ce ta ji mutanen can ba sa son zafi, shi ya sa ta sa aka ƙara taga ta gabas.

"An ba mu?" ta tambaya.

"An ba mu."

"Alhamdu lillahi. Yaushe za su taho?"

Duk abin da na jera a jirgi ya watse. Na zauna a bakin ƙofar sabon ɗakin na ba ta labari tun daga tururuwa, ban rage komai ba. Na ɗora laifin a kaina iyakar yadda zai ɗoru, na ce bakina ne, na ce karambanina ne. Ta bar ni na gama. Hajiya Binta ba yarinya ba ce.

"Da ka ce za ka koma ka warware," ta ce, "wa ya hana ka?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara tambaya.

"Shi ne ya ce a bar shi haka?"

"Shi ne."

Ta juya ta dubi sabuwar tagar, ta kai hannu ta gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ni ko wani.

"Nasiru," ta ce, a hankali, kamar yana cikin ɗakin.